Ƙarfen da Muka Daina Bugawa

Samarin nan da ake turo mana daga kwalejin horon malamai su yi gwajin koyarwa, kusan duk bakinsu ɗaya. Ka tambayi mutum wane aji yake so, sai ya ce a ba shi aji ɗaya, wai can ne babu wahala, waƙa ce kawai da tafi. Wani daga cikinsu har ce mini ya yi, "Baba, ai wannan ko ƙanwata za ta iya." Na dube shi, na dubi takalminsa mai tsini, na ce Allah ya kai mu gobe. Kafin a tashi tara ya fito yana sharce gumi. Yaro ɗaya ya jiƙa wando, biyu na dambe a kan guntun alli, sauran sun bi wata akuya waje. Saboda irinsa na zauna rubuta wannan.

Sunana Shehu. A Magajin Gari ta Birnin Gwari aka haife ni, Musulmi ɗan Musulmi, amma ƙuruciyar aikina da tsufansa duk a makarantar mishan ta 'yan Katolika na yi su, a wani ƙauye da ke bakin daji ta wajen Kazage. Da na karɓi aikin, kawuna ya daina amsa gaisuwata na ɗan lokaci. Abokai kuwa suka laƙaba mini Shehun Fada, wato Shehun limamin coci, sunan da ya bi ni har furfura. A can aka koya mini sana'ar da nake taƙama da ita yau.

Aikin farko da aka ba ni shafen allo ne. Shugabar makarantar, Sista Marta, wata 'yar gajeruwar mata ce daga kudancin Kaduna, mai sauri kamar ta bar tukunya a wuta. Na miƙa mata takardar shaidata da hannu biyu. Ta ajiye a gefe, ta turo mini kwano cike da matattun baturan tocila.

"Malam Shehu, ka iya baƙanta allo?"

Na ce, "Sista, ai koyarwa na karanta."

Ta ce, "To, a kan me za ka rubuta koyarwar?"

A fasa batir, a zaro baƙin da ke cikinsa, a daka da gawayi har ya yi laushi kamar kwalli, a dama da ruwan sitaci, a shafa da tsumma daga sama zuwa ƙasa. In ya yi kauri ya ɓare, in ya yi ruwa alli ya ƙi kamawa. Ranar Juma'a da la'asar ake yi, don ya bushe kafin Litinin. Na koma gida hannuwana baƙi ƙirin, mahaifiyata ta tambaye ni ko maƙera na koma.

Daga nan ta zaunar da ni a bayan ajinta, a kan bencin yara, gwiwoyina na taɓa haɓa, zango guda ban taɓa alli ba. A nan na ga kayan aikin gaskiya: marafan kwalba da ake tsintowa wajen mai shayi don lissafi, karan dawa da aka yanka tsawo ɗaya, da farantin yashi. Ba a ba sabon yaro fensir. Ɗan manomi yakan damƙe shi kamar ƙotar fartanya, ɗan makiyayi kamar sanda, su yaga takarda su fashe da kuka. Da yatsa ake farawa a cikin yashi, in ya yi kuskure a girgiza faranti, kuskure ya tafi ba wanda ya gani. Ku da kuke shiga aji da bulala tun ranar farko, wannan farantin ya fi bulalarku aiki.

Kullum da safe malamai kan tsaya a bakin makaranta, kowane yaro ya zo a kira sunansa, a duba farcensa. Na ɗauka tsafta ce kawai, har ranar da Sista ta ce mini, "Farce dalili ne na tsayar da shi. Fuskarsa nake so ka duba. Wanda bai karya ba, wanda aka doka a gida, wanda zazzaɓi ke tafe masa, duk a nan za ka gan su." Wata dokar kuma ita ce, gurbin yaro ba ya zama wofi a yi shiru. In bai zo ba, ana tashi malaminsa zai hau keke ya je gidansu ya ji dalili. Na ci tuwon gidaje da yawa a dalilin wannan doka, na kuma sha haushin karnuka.

Mutane kan tambaye ni abin da ya zaunar da ni a makarantar mishan, alhali na sami damar komawa ta gwamnati a cikin gari. Amsar ita ce a wajen mutanen nan yaro amana ce da Allah zai tambaya, kuma ba a baki kaɗai suke faɗa ba, sun mai da shi aikin kullum. Ba wanda ya taɓa ce mini in bar sallata. Lokacin darasin addini, katikis, malamin addininsu, ya tara 'ya'yan Kirista a aji, ni in ja 'ya'yan Musulmi ƙarƙashin mangwaro. Butocin alwalar yaran ma Sista ce ta sayo su. Manyan yara kuwa, waɗanda murya ta fara buɗewa kai ya fara hayaƙi, ba ta yi musu dogon wa'azi. Sai ta damƙa wa kowane ɗaya ƙaramin yaro daga aji ɗaya, ta ce, "Wannan naka ne. In ya yi kuka kai zan tambaya." Na ga ƙattin da iyayensu suka gaza da su sun durƙusa suna ɗaure wa wani igiyar wando.

Iyaye su ne masu cinikinmu, kuma kowa da irin nasa. Akwai manomin da zai janye ɗansa da zarar noma ya kama, ka bi shi gona kana lallashi yana yi maka kallon marar aikin yi. Akwai ɗan kasuwar da zai kawo yaro yau, jibi ya zo yana faɗa wai bai ji Turanci a bakinsa ba. Amma wanda ya fi ba mu wuya shi ne Malam Ja'e, dattijon wata ruga da ke ƙetaren rafi, a cikin bakin daji. Mun yi ta sintiri wajensa, ni da Sista, a ba mu nono mu sha, a sallame mu da murmushi. Tsoronsa biyu ne: a mai da masa yaro Kirista, ko ruwa ya ci shi. Na farkon ni na ɗauke masa, na ce a hannuna zai koyi alwala. Na biyun kuwa sai da aka kawo maganar ƙarfe.

Ƙarfen nan shi ne ƙararrawarmu. Tsohon wilin babbar mota ne da aka rataye da igiya a reshen ɗorawa, kuma in aka buga shi har cikin daji ake ji. Mai buga shi Baba Danladi ne, wani tsoho Bagwari da ke gadin makarantar. Rafin da ke tsakaninmu da ruga mayaudari ne. Sai a yi ruwa can kan duwatsu, a nan ko ɗigo babu, kana tsakiyar tsallakawa ya zo ya same ka. Baba Danladi ya san shi kamar ɗakinsa. Da asuba zai je ya duba launin ruwan, da kumfa, da irin ganyen da yake ɗaukowa. In ya gamsu ya dawo ya buga, in bai gamsu ba ya yi shiru. Yaran ƙetare sukan zo bakin ruwa su tsaya, sai sun ji ƙarfe su tsallako.

Akwai wani faffaɗan dutse a tsakiyar rafin da ake takawa. Sista ta nuna wa Malam Ja'e shi ta ce, "Baba, ko ka ga dutsen nan a bushe, in ba ka ji ƙarfe ba, ka riƙe ɗanka. In ka ji, ka sake shi, hanya a wuyanmu take."

Malam Ja'e ya dubi ruwan ya ce, "Na riƙe wannan magana."

Da haka muka sami ɗansa Sambo. Ya zo mana ba ya jin Hausa sai Fulatanci, ranar farko kuma ya gartsa mini cizo a hannu da na je raba shi da sandarsa. Amma lissafi a jininsa yake. In na zube marafan kwalba na ɓoye ɗaya, kallo ɗaya zai yi ya faɗi wanda babu, kamar yadda suke gane saniyar da ba ta dawo ba. Bayansa wasu yaran rugar suka biyo. Da ya kai aji shida shi ne babbansu, shi ke goyo ƙanana ya tsallako da su, ya ajiye su a gabana ya ce, "Malam, ga su, sun cika." Likitan dabbobi yake so ya zama. Fada, wato limamin cocin da ke zuwa duba mu lokaci-lokaci, ya yi alkawarin in ya ci jarrabawar shiga sakandare za a sama masa gurbi a makarantar kwana a Kaduna.

Wannan jarrabawa ba ƙaramar magana ba ce, don a lokacin daji ya riga ya fara lalacewa. Sa'o'in Sambo da yawa sun bar kiwo sun bi masu babura da bindiga. Wata rana Malam Ja'e ya ja ni gefe ya ce, "Malam, daji yana kiran yaran nan da ƙarfi. Ka fitar mini da wannan." Duk mun san in Sambo ya ci jarrabawa ya tsira, in ya zauna a ruga ba aiki ba karatu, sai abin da Allah ya yi.

Sai muguwar shekarar ta zo. Aka fara tare hanya, aka fara ɗibar mutane a gona, labari ya riƙa zuwa cewa a wasu wurare an shiga makarantu an kwashe yara. Shugabannin Sista Marta suka kira ta Kaduna, ba da son ranta ba. Aka bar makarantar a hannun ɗaya daga cikinmu, mutumin kirki mai tsoron Allah. Muka taru a zauren mai unguwa, malamai da iyaye, aka yanke cewa ba za a rufe karatu ba, amma za a yi shi a ɓoye. A daina sa kayan makaranta, a daina taron safe, a raba azuzuwa cikin zaurukan gidaje, a kuma daina buga ƙarfe. Hujjar mai ƙarfi ce, don ƙarfen da ke gaya wa yara an buɗe makaranta, shi ke gaya wa na cikin daji ga inda yara suka taru. Har yau ban ga laifin wanda ya kawo shawarar ba.

Baba Danladi ne ya ɗaga hannu daga bakin ƙofa. "Ranka ya daɗe, to na ƙetare fa? Su in ba ƙarfe, ba su zuwa."

Aka ce, "A gaya wa matan da ke kawo nono ranar kasuwa, su kai saƙo."

Kowa ya gamsu, domin ta haka muka saba aika saƙo ruga tun fil azal. A makon nan aka rufe kasuwanni, aka yanke layin waya, aka hana hawa babur. Masu nono ba su sake zuwa ba. Ni da Baba Danladi muka ɗauki hanya da ƙafa, niyyata in taho da Sambo ya zauna a ɗakina har ranar jarrabawa. A gonar ƙarshe 'yan sa-kai suka tare mu. Babbansu tsohon ɗalibina ne, ni na koya masa riƙe fensir.

Ya ce, "Malam, don girman Allah ka koma. Duk wanda ya tsallaka rafin nan yanzu, in na can ba su harbe shi ba, na nan za su ce mai kai rahoto ne. Ba zan iya kare ka ba."

Muka koma. Muka ce mako mai zuwa, mako mai zuwa ya zo abin ya ƙara muni. Daga baya aka fara cewa ai duk rugagen sun tashi sun yi kudu, mu ma muka yarda, don yarda da hakan ya fi sauƙin ɗauka. Na koyar da 'yan aji shida a zaure, da murya ƙasa-ƙasa, a kan allon da na baƙanta a jikin ƙyaure. Gurbin Sambo ya zauna wofi, kuma shi ne gurbi na farko a aikina da ban bi ba. Baba Danladi kuwa kullum da safe sai ya je gindin ɗorawar ya tsaya da guntun ƙarfen bugawa a hannu, ya gama tsayuwarsa ya mayar aljihu. Aka yi jarrabawa, yarana suka ci. Ba a jima ba ƙauyen ma ya watse, makarantar ta mutu, na dawo gari. Baba Danladi ya rasu a wajen 'yarsa.

Bara, bayan an yi sulhu kasuwanni sun dawo, na shiga kasuwar dabbobi ta Birnin Gwari neman ragon suna. Na ga wani tsoho tsugune da igiyar awaki biyu a hannu. Sai da ya ɗago na gane shi. Mutumin da na sani da garke har ido ba ya kai ƙarshensa, shi ne da awaki biyu. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, gida, jama'a, gajiya, ruwa, kowa na kewaye abin da ke bakinsa. A ƙarshe na ce, "Malam Ja'e, ashe kun dawo daga kudu."

Ya ce, "Wane kudu? Ba inda muka je, Malam. Muna nan inda ka san mu."

Na tsuguna kusa da shi.

Ya ce, "Yaron nan naka, kullum sai ya sa kayan makaranta, ya tara ƙannensa, su je bakin ruwa. Ni ma nakan bi su, don zamani ya ɓaci. Mu tsaya mu kasa kunne har rana ta ɗaga. Damina ta wuce, kaka ta zo, rafi ya koma tsallaken akuya. Wata safiya ya ce mini, Baffa, dubi dutse a bushe, jarrabawa ta kusa, bari in je in gani. Har ya sa ƙafa. Na kama hannunsa na ce, Sista ta ce ko dutse a bushe yake, in ba ƙarfe, a riƙe yaro. Tunda suka yi shiru, sun ga abin da ba mu gani ba. Mutanen nan ba su taɓa yi mana ƙarya ba."

Na ce, "Muna karatu, Malam Ja'e. Muna ciki muna karatu a zaure. Tsoro ya hana mu bugawa."

Ya dube ni. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan kallon ba. Da zagina ya yi da ya fi mini.

Sannan ya ce, "To. Ni na riƙe maganarku, ku kuma kun riƙe yaran mutane. Allah ya riga ya rubuta."

Na tambaye shi ina Sambo. Ya ce bayan kwanan jarrabawa ya wuce, yaron ya ninke kayan makarantar ya ba uwarsa. Da rani aka kore musu shanu. Ba a daɗe ba abokansa suka zo da babur, ya hau bayan ɗaya. An ce an gan shi ta wajen Damari, an ce kuma ya mutu a wani faɗa, ba wanda ya kawo musu gawa ko tabbas. Da aka yi sulhu wasu sun fito sun ajiye bindiga, shi ba ya cikinsu.

Ku da kuke cewa aikin nan waƙa ce da tafi, ga abin da nake so ku sani. Iyaye ba sa karanta takardar shaidarku. Abin da kuka ce za ku yi kullum, shi suke riƙewa, kuma wasunsu za su riƙe shi fiye da yadda ku kanku kuka riƙe. Makarantar mishan ta koya wa mutanen rugar nan cewa maganarta ba ta tashi, abin da na fi ƙauna ke nan a wajenta, kuma shi ya tsayar da Sambo a bakin busasshen rafi.

Da na miƙe zan tafi, Malam Ja'e ya riƙo bakin rigata. Ya ce, "Malam, akwai ƙaninsa, autan uwarsa. Ya isa shiga aji. Kayan wansa na nan a ajiye, za a rage masa. In kun fara bugawa, za mu ji."

Na ce masa to. Ban iya gaya masa cewa masu sayen tsohon ƙarfe sun kwance wilin tun tuni ba. Na je na gani da idona, igiyar ce kaɗai ta rage a reshen ɗorawar.